Yadda Ake Feɗe Rubutun Turanci: Gano Adon Harshe da Kama Gurguwar Hujja

Ɗalibai da yawa sun haddace cewa metaphor siffantawa ce, simile kuma kamantawa, amma da zarar an ajiye musu sakin layi na Turanci aka ce su yi sharhi, sai su tsaya cak. Haddar sunaye kaɗai ba ta fitar da mutum. Abin da ake nema, a zauren jarrabawa ko wurin muhawara ko wajen karanta sharhin jarida, shi ne ka iya raba abu biyu da marubuci ya cakuɗa: kwalliyar da ya yi wa magana, da hujjar da ya ɗora maganar a kanta. Ga yadda ake yi daki-daki.

Kayan aiki

Ka samu rubutun a kan takarda, kada ya wuce kalma 300 a farkon koyo, da fili a gefe inda za ka yi rubutu. In babu inda za ka buga, kwafe shi da hannu kana tsallake layi ɗaya. Kwafewar ma riba ce, domin hannu yakan tsaya a inda ido ke wucewa da gudu.

Sai biro kala uku: shuɗi na adon ma'ana, baƙi na adon sauti da tsarin jimla, ja na hujja. Wanda biro ɗaya gare shi ya yi amfani da miƙaƙƙen layi, da layi mai lanƙwasa, da da'ira. Sai fensir na sa wa jimloli lamba, da littafin rubutu guda da za ka keɓe wa wannan aiki kaɗai. Ƙamus kuwa a samu na Turanci zalla wanda yake nuna lafazin kalma, na takarda ko na waya mai furta kalmar da murya. Daga ƙarshe, wurin da za ka iya karatu da ƙarfi ba ka takura wa kowa ba. Ware minti 40 ga kowane rubutu. In hannu ya faɗa, minti 15 ya isa.

Ga ɗan jawabin da aka tsara domin gwaji. Ka ɗauka wani mazaunin ƙaramin gari ne a Ingila ya miƙe a taron jama'a yana magana:

1. Our library is the heart of this town.
2. We built it, we filled it, we kept it alive.
3. Now the council says it must close on Sundays.
4. Close it on Sundays, and soon it will close on Saturdays, and soon it will close for ever.
5. The man behind this plan has never finished a book in his life.
6. Since the hours were cut last year, crime has risen.
7. Either we keep Sunday opening, or we raise a generation that cannot read.
8. Is that what you want?

Mataki na 1: Karanta sau biyu, biro a ajiye

Karatun farko na fahimta ne. A na biyu ka amsa tambaya uku a gefen takarda: wa ke magana, da wa yake, me yake so su yi? A nan mai maganar ɗan gari ne, da maƙwabtansa yake, yana so su ƙi amincewa da rufe laburare ranar Lahadi. Duk kalmar da ba ka sani ba, duba ta yanzu. Wanda ya fara farautar adon harshe kafin ya gane abin da ake faɗa yakan ga gatse inda babu, ya kuma tsallake shi inda yake.

Mataki na 2: Fitar da da'awa da hujjojinta

Sa wa jimlolin lamba da fensir. Sannan rubuta, da Hausarka mafi sauƙi, abin da ake so ka yarda da shi. Wannan ita ce da'awa. A ƙarƙashinta jera dalilan da aka kawo, kowanne a layinsa, ba tare da ko ɗigon ado ba.

Wasu kalmomi suna nuna hanya. Abin da ya biyo bayan because, for da given that galibi dalili ne. Abin da ya biyo bayan therefore, so, thus da hence galibi da'awa ce. Amma a yi hattara da since, fuska biyu gare ta: wani lokaci tana nufin "saboda", wani lokaci "tun daga". A jimla ta 6 "tun daga" take nufi, lokaci kawai ta nuna, sai dai mai maganar yana fatan kunnenka ya ji ta a matsayin "saboda". Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Jawabin namu in an tuɓe shi ga abin da ya rage. Da'awa: kada a rufe laburare ranar Lahadi. Lura cewa babu jimlar da ta faɗi haka ƙarara, kuma haka yawancin jawabai suke, kai za ka haƙo da'awar. Dalilai huɗu ne: rufewar Lahadi za ta kai ga rufewa gaba ɗaya, mai shawarar ba ya karatu, laifuka sun ƙaru, yara za su tashi ba su iya karatu ba. Jimla ta 3 labari ce kawai. Jimla ta 1 da ta 2 da ta 8 ba su ɗauke da dalili ko ɗaya, duk da cewa su ne suka fi daɗin ji.

Mataki na 3: Adon ma'ana, da shuɗin biro

Bi jimla ɗaya-ɗaya da wannan tambaya: in na ɗauki maganar a zahirinta, za ta yiwu? Laburare ba zuciya ba ce, gari ma ba shi da ƙirji. Da ka ji zahiri ya ƙi, to akwai ado a wurin, sai ka tantance irinsa.

In an haɗa abu biyu mabambanta da like ko as, simile ne, wato kamantawa. In an ce wannan shi ne wancan kai tsaye, metaphor ne, kamar jimla ta 1. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga like ko as a yi tsalle. "She is as tall as her sister" ba ado ba ne, auna tsawon mutum biyu aka yi da gaske. Sai abubuwan biyu sun fito daga jinsi daban, kamar mutum da bishiyar giginya, sannan ya zama simile.

Wanda ya yi karatun balaga a zaure yana da jari babba a nan, amma akwai inda ma'aunin biyu suka saɓa. Jimla irin "He is a lion", a balagar Larabci tashbihi ce, tunda an ambaci mutumin an ambaci zakin. A nazarin Turanci kuwa metaphor ce, tunda babu like babu as. In da Turanci kake amsawa, bi ma'aunin Turanci.

Ba wa marar rai halin ɗan Adam shi ne personification, mutuntarwa, kamar a ce "the wind whispered". A jimla ta 2 an ce "kept it alive", an mai da gini abu mai numfashi, wanda ya ci gaba da hoton zuciyar da aka fara da shi. Irin wannan jan hoto ɗaya zuwa jimloli da yawa ake kira extended metaphor, kuma gano shi ya fi jera ƙananan ado biyar daraja.

Biyu da ke rikita kowa su ne metonymy da synecdoche. A na farko ana kiran abu da sunan abin da ke tare da shi, kamar a ce "the White House announced" alhali shugaban Amurka da muƙarrabansa ake nufi. A na biyu ana kiran abu da sunan wani sashensa, kamar "many mouths to feed", inda baki ya tsaya a madadin mutum. Gwajin mai sauƙi ne: abin da aka ambata, yanki ne na jikin abin da ake nufi? In e, synecdoche. In maƙwabtaka ce kawai, metonymy.

Kambamawa ita ce hyperbole, ga ta nan a jimla ta 5, domin da wuya a ce babban mutum bai taɓa gama littafi ko ɗaya ba. Kishiyarta ita ce rage magana, kuma Turawan Ingila suna son wani nau'inta mai suna litotes, inda ake tabbatar da abu ta hanyar kore kishiyarsa: "no small task" na nufin aiki ne ja. Oxymoron kalma biyu ne masu karo da juna a manne, kamar "deafening silence". Paradox kuwa cikakkiyar magana ce da ta yi kama da tufka da warwara amma da gaskiya a cikinta.

Irony iri uku ne. Akwai na baki, inda ake faɗin abu ana nufin akasinsa, kusa da gatse. Akwai na yanayi, inda sakamako ya zo a juye, kamar ofishin 'yan kwana-kwana ya ƙone. Akwai na wasan kwaikwayo, inda mai kallo ya san abin da ɗan wasa bai sani ba. Rashin sa'a kawai, ko haɗuwar abu biyu bisa katari, ba irony ba ne.

Mataki na 4: Adon sauti da tsari, da baƙin biro

Yanzu karanta da ƙarfi. Wannan rukuni kunne ke kama shi.

Alliteration maimaita sautin baƙi ne a farkon kalmomi makusanta, kuma sauti ake dubawa, ba harafi ba. Knife da night sun dace ko da yake haruffansu na farko daban ne. City da cat ba su dace ba ko da yake duka da c suka fara. Mai jin Hausa ya ƙara kula da p da f, domin harshenmu bai raba su ba: pale da fail sautuka biyu ne a Turanci, amma phone da fish sauti ɗaya ne. Nan ƙamus mai lafazi yake da rana. Maimaita wasali a cikin kalmomi shi ne assonance, kalma mai kwaikwayon ƙara kamar buzz ko hiss kuma onomatopoeia.

Sai maimaicin kalma. In a farkon gaɓoɓin magana ne, anaphora ke nan, kamar we sau uku a jimla ta 2. Sanannen misalinsa shi ne jawabin Winston Churchill a majalisar dokokin Birtaniya ran 4 ga Yuni 1940, inda ya yi ta nanata "we shall fight". In a ƙarshe ne, epistrophe, kamar yadda shugaban Amurka Abraham Lincoln ya rufe gaɓa uku da "the people" a jawabinsa na Gettysburg a 1863. Jera abu uku masu tsari ɗaya tricolon ne, kuma jimla ta 2 tana da shi tare da cire and, abin da ake kira asyndeton, wanda ke sa magana ta yi sauri. Ajiye kishiyoyi biyu a jimla mai daidaiton gini antithesis ne. In aka juya jerin kalmomi a rabi na biyu, kamar yadda shugaban Amurka John Kennedy ya yi a jawabin kama mulki na 1961 da abin da ƙasa za ta yi maka da abin da za ka yi wa ƙasa, sunansa chiasmus, wasu kuma su ce antimetabole tunda kalmomin ne da kansu aka maimaita. Tambayar da ba a jiran amsarta, irin jimla ta 8, rhetorical question ce.

Jimla ɗaya tana iya ɗaukar ado uku ko huɗu. Kada ka tsaya a na farko da ka gani.

Mataki na 5: Ta wace ƙofa ake shigo maka?

Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Girka Aristotal ya kasa hanyoyin shawo kan mai sauraro gida uku: ethos, wato mutuncin mai magana, pathos, wato taɓa zuciya, da logos, wato hujjar hankali. Rubuta E ko P ko L a gefen kowace jimla. "We built it" na nuna mai maganar ɗan gida ne, E ke nan. Jimla ta 7 da ta 8 tsoro suke cusawa, P. Taɓa zuciya ba laifi ba ne. Yana zama matsala ne in an kawo shi a gurbin da ya kamata dalili ya zauna.

Mataki na 6: Gwada kowace hujja, da jan biro

Koma jerin dalilan da ka fitar a mataki na 2. Fallacy ita ce gurguwar hujja, wadda masu karatun manɗiƙi suka sani da mugalaɗa: dalili ne mai kama da ƙaƙƙarfa amma ba ya iya ɗaukar da'awar da aka ɗora masa. Yi wa kowane dalili tambaya uku. Yana da alaƙa da da'awar? Gaskiya ne, ko dai an ɗauka kawai? In gaskiya ne, ya isa?

Jimla ta 5 ta faɗi tun a tambayar farko. Ko da mutumin bai taɓa riƙe littafi ba, hakan bai nuna lissafinsa na kuɗin buɗe laburare kuskure ne ba. Barin magana a kama mai magana shi ne ad hominem. Ƙaninsa tu quoque ne, wato "ai kai ma kana yi". Amma ba duk ambaton halin mutum ne gurguwar hujja ba. In shaida aka kira a kotu, kuma an taɓa kama shi da shaidar zur, faɗin haka ya shafi batun kai tsaye, domin amanarsa ce abin aunawa.

Jimla ta 4 slippery slope ce: an ce mataki ɗaya zai jawo na biyu, na biyu ya jawo na ƙarshe, ba tare da nuna igiyar da ta ɗaure su ba. Zana kibiya tsakanin kowane mataki, ka tambayi kowace kibiya, me ya sa dole? Da mai maganar ya kawo takardar majalisa mai tsarin rage kwanaki shekara-shekara, da hujjar ta miƙe. Siffar magana ba ta isa ka yanke hukunci ba, rashin shaida ne ke gurgunta ta.

Jimla ta 6 ita ce post hoc, gajeren sunan wata jimlar Latin mai nufin "bayan wannan, don haka saboda wannan". Zakara yakan yi cara kafin gari ya waye, amma ba shi ke fito da rana ba. Nemi wasu dalilai uku da za su iya haifar da ƙaruwar laifi, kamar rufe wata masana'anta, ko rage 'yan sanda, ko canza yadda ake ƙirga laifukan. In ka same su cikin sauƙi, hujjar ba ta tsaya ba.

Jimla ta 7 false dilemma ce. Alamarta either da or. Aikinka ka nemo hanya ta uku: buɗewa rabin yini, masu aikin sa-kai, ko kawai cewa yara suna koyon karatu a makaranta sauran kwanakin mako.

Akwai wasu da ba su fito a wannan jawabi ba amma za ka yi ta cin karo da su. Straw man shi ne a sake wa maganar abokin hamayya kama ta koma mai rauni sannan a rushe ta, kuma ba a kama shi sai an koma an karanta ainihin abin da wancan ya ce. Hasty generalisation yanke wa jama'a hukunci ne da misali ɗaya ko biyu, ka sa ido kan all, always da never. Begging the question shi ne dalili ya zama da'awar ce aka sake wa riga, kamar a ce mutum mai gaskiya ne domin ba ya ƙarya. Turawa da yawa a yau suna amfani da wannan furuci da ma'anar "tayar da tambaya", amma a nazarin hujja ma'anar farko ake nufi. Red herring kautar da zance ne zuwa wani batu. Bandwagon kafa hujja ce da yawan masu yi. Appeal to authority yana zama aibi in masanin da aka jingina da shi ba fanninsa ba ne, kamar ɗan ƙwallo a kan maganin ciwon suga. Equivocation kuwa amfani da kalma ɗaya ne da ma'ana biyu a hujja guda, kamar free da ke nufin kyauta a farkon magana ta koma 'yanci a ƙarshe.

In ka ji hujja ba ta kwanta maka ba amma ka rasa sunanta, yi mata musanya: riƙe ƙirarta, canza kayan cikinta da abin da kowa ya sani. Wani ya ce, in gwamnati ta gaza farashi zai tashi, farashi ya tashi, saboda haka gwamnati ta gaza. Musanya: in an yi ruwa ƙasa za ta jiƙe, ƙasa ta jiƙe, saboda haka an yi ruwa. To in famfo ne ya fashe fa? Wannan ƙira sunanta affirming the consequent. Bayyana inda ta karye ya wadatar ko ba ka tuna sunan ba.

Gargaɗi mafi nauyi a wannan mataki: kama gurguwar hujja bai nuna da'awar ƙarya ce ba. Dalilai huɗun nan duk sun faɗi, amma mai yiwuwa buɗe laburare ranar Lahadi shi ne daidai. Abin da za ka iya cewa kawai shi ne wannan mai magana bai tabbatar da shi ba.

Mataki na 7: Rubuta sharhin

Kowane abu da ka gano, ba shi jimla biyu zuwa uku masu ɗauke da abu huɗu a jere: sunansa, kalmomin da suka nuna shi a cikin alamar zance, yadda yake aiki, da abin da yake yi wa mai sauraro. Misali: mai magana ya yi amfani da anaphora a "we built it, we filled it, we kept it alive". Nanata we ya mai da laburaren mallakar kowa da ke zauren, ta yadda rufe ta zai zama kamar ƙwace ne aka yi musu.

Guji jimlar nan da ɗalibai ke fakewa da ita, cewa adon ya sa rubutu ya yi armashi ko ya ja hankalin mai karatu. Ana iya faɗin haka a kan kowane ado a duniya, don haka ba ta nuna ka karanta wannan rubutun ba. Ado uku da aka yi wa cikakken bayani sun fi goma da aka jera sunayensu.

Mataki na 8: In waƙa ce ko labari

A jarrabawar adabin Turanci ta WAEC akan kawo waƙa ko gutsuren zube da ɗalibi bai taɓa gani ba. Matakai na 1 da 3 da 4 da 7 suna nan yadda suke, na 6 kuwa a ajiye shi, domin ba a tuhumar mawaƙi da gurguwar hujja don ya ce wata ya yi murmushi. A gurbinsa ƙara waɗannan. Muryar da ke magana a waƙa persona ce, ba lallai marubucin ba. Tone halin mai magana ne game da batunsa, mood kuma abin da mai karatu ke ji a ransa. Subject, wato batu, kalma ɗaya ce kamar yaƙi, amma theme, wato jigo, sai an faɗe shi da cikakkiyar jimla. Don fitar da tsarin amsa-amo, sa wa sautin ƙarshen ɗango na farko A, sabon sauti B, haka har ƙarshe. In ka ƙirga ɗango 14, duba ko sonnet ce. Ɗangon da ma'anarsa ta tsallaka zuwa na gaba ba tare da tsayawa ba enjambment ne. A labari kuma nemi flashback, komawa baya, da foreshadowing, ishara ga abin da ke tafe.

Mataki na 9: Sa hannu ya saba

A littafin da ka keɓe, ba kowace kalma rabin shafi: sunanta, ma'anarta da Hausarka, misali ɗaya da ka tsinto, da misali ɗaya da ka ƙirƙira da kanka. Na ƙarshen nan shi ne ma'aunin ganewa, wanda bai iya ƙera litotes ba bai riga ya san ta ba. Kada ka wuce kalma biyar a mako.

Tallace-tallace sun fi komai yawan adon sauti, sharhin jarida da wasiƙun masu karatu kuma nan gurguwar hujja ta fi taruwa. In babu jaridar Turanci kusa, saurari muhawara a rediyo, ka rubuta jimla biyar da ka kama, ka bi da su ta mataki na 2 da na 6. A kowane mako ka haɗa da rubutu ɗaya da ya goyi bayan ra'ayin da kai ma kake kai, ka sa masa jan biro yadda za ka sa wa na abokin hamayya. In kuna biyu, kowa ya feɗe rubutu ɗaya shi kaɗai sannan ku musanya takardu, duk jimlar da alamominku suka saɓa ku koma kanta da ƙamus da tambayoyi ukun nan na mataki na 6.